Tafintan da Ya Ƙi Kalmar "Ba Ruwanmu"

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya saɓa tsakanin harsunan bayinsa, sa'an nan bai bar su ba tare da masu isar da magana a tsakaninsu ba. Shi ne mai rayarwa, Shi ne mai kashewa, ba a tambayarsa dalilin abin da ya hukunta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, amintaccen da ya isar da saƙo bai ƙara ba bai rage ba, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, Allah ya karɓi ran taubashina, ɗan gwaggona, wanda mutanen unguwar Nuzla suka sani da Baba Tafinta. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Muka sallace shi da La'asar, muka kai shi makwancinsa a nan Jidda, garin da ya shigo cikin motar ofis mai tuta a goshi, ya bar shi a kafaɗun teloli da direbobi da masu dako. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma ban taɓa sanin duniya babu shi a cikinta ba sai wannan makon.

An yi masa aza irin ta mutanen Hijaz, wato zaman makoki na kwana uku tsakanin Magariba da Isha'i. An jera kujeru a lungu sahu-sahu, an rataya fitilu, ana zagayawa da gahawa. Mu dangi muka zauna muna fuskantar jama'a, ni a gefen babban ɗansa. Masu ta'aziyya suna bi ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗunmu. Haifaffun Jidda suna cewa, "Azzamallahu ajrakum." Waɗanda suka zo ƙasar da girmansu suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Na ga mutanen Nijar da na Cadi, na ga Hausawan Sudan da farin rawaninsu, na ga waɗanda ban taɓa sanin ya san su ba.

Sai wani tsohon tela, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya riƙe hannuna da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Malam, an yi rashi. Mutum ne ba ruwansa. Wallahi ba ruwansa."

Na san yabo yake nufi. A bakin Bahaushe, idan an ce mutum ba ruwansa, an ce ba ya cutarwa, ba ya gulma, ba ya tsoma baki cikin abin da bai shafe shi ba. Amma sai na ji kamar an mari gawar a gabana. Na bayansa ya maimaita, na bayan wancan ma haka, har kafin a kira Isha'i kalmar ta zama kamar amshi.

Da jama'a suka miƙe salla, babban ɗan, wanda yanzu ya haura arba'in, ya sunkuyo kusa da kunnena, ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Sahih, ya ammi. Gaskiya ne, baffa. Ba ruwansa. Hatta mu 'ya'yansa ba ruwansa da mu."

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban yarda a binne mutum sau biyu ba, sau ɗaya da ƙasa, sau ɗaya da kalmar da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da ita. Kuma ban yarda ɗa ya tashi daga makokin ubansa da wannan zato a zuciyarsa ba, alhali gaskiyar tana bakina.

Asalin rigimarsa da kalmar ya girmi 'ya'yansa duka. Ya yi karatun zaure a gaban kakanmu har ya ƙware a Larabci, daga baya aka sa shi makarantar Turawan da suka mulke mu. Da aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu, sai aka wayi gari ƙasa tana da ma'aikatar harkokin waje, amma ba ta da mutanen da za su yi magana da waje. Yakan ce ma'aikatar ɗaki uku ce da keken rubutu ɗaya, kuma idan ministan zai yi tafiya sai an aro masa akwati. Aka ɗauke shi tafinta tun gemunsa bai cika ba.

A wancan zamani duniya ta rabu sansani biyu, na Gabas da na Yamma, kowanne yana jan jaririyar ƙasa zuwa ɓangarensa da murmushi da alkawari. Shugabanninmu na farko suka zaɓi kada su shiga ko ɗaya. Yana da labari guda da bai gaji da ba ni ba. Wani babban baƙo daga ɗaya daga cikin sansanonin ya gaya wa ministanmu cewa duk wanda ba ya tare da su, to yana tare da abokan gabarsu. Ministan, tsohon malamin makaranta ne mai sanyin murya, ya amsa da Hausa cewa jiya-jiya muka fito daga gidan wani, ba mu fito neman sabon ubangida ba. Sa'an nan ya juyo ya ce wa tafintansa, "Ka ɗan sassauta ta."

"Ka sassauta?" nakan tambaye shi, ko da na san amsar.

"Na kai masa ita da zafinta," in ji shi. "An ɗauke ni in ɗauko magana, ba a ɗauke ni in fifita ta ba."

Da aka zo sanar da talakawa wannan matsayi a gidan rediyo, sai mai fassara labarai ya kira ƙasashen da suka zaɓi wannan hanya "ƙasashe 'yan ba-ruwanmu." Taubashina ya ji, ya hau kekensa bai ko karya kumallo ba, ya tafi gidan rediyon. Ya gaya wa mai labaran cewa Larabawa sun ce adamul inhiyaz, ma'anarsa rashin karkata, irin na ma'auni a hannun mai gaskiya. Ma'auni ba ya karkata ga mai saye ko mai sayarwa, amma duk ƙwayar da aka zuba masa yana jin nauyinta. Wanda ya ce ba ruwansa kuwa ya ajiye ma'aunin ne ya juya baya.

Mai labaran ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "To Malam, me zan ce? Ƙasashe 'yan rashin karkata? Ai talaka zai zaci wuyansu ne ya sanƙare."

Ya sha kaye a wannan muhawara, ya kuma san ya sha. Kalmar ta zauna daram a bakin mutane har yau. Amma bai taɓa miƙa wuya ba. Har ƙarshen rayuwarsa, idan ya kunna rediyo da safe aka ambaci ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, sai ya ɗaga yatsa ya ce wa akwatin, "Da ruwanmu!" Uwargidansa takan ce daga madafa, "Malam, ba ya fa jin ka." Shi kuma ya ce, "Ai ni ina jin sa."

Ni kuwa, da yake wasan taubasantaka ya halatta mini abin da ya haramta ga wasu, da kalmar nake tarbarsa. Idan ya shigo sai in ce, "Ku ba da hanya, ɗan ba-ruwanmu ya iso." Sai ya ce, "Wa ya kwance bawana? Kai da ka haddace nahawu kaf, amma ka je sayen tumatir mai kanti ya zaci huɗuba kake yi." Gaskiya ya faɗa. Larabcina na littafi ne, nasa kuwa yana shiga kasuwa da asibiti da kotu ya fito lafiya.

Bayan shekaru aka turo shi ofishin jakadancinmu a Jidda, domin a lokacin ofisoshin jakadanci a nan suke. Aka ba shi gida a Ruwais, inda iskar teku ke shigowa ta taga, aka sa babban ɗansa a makaranta mai kyau tare da 'ya'yan ma'aikata. Ni na zo aikin Hajji, na zauna neman ilimi, na sauka a ɗakinsa na baƙi. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu ba ji na yi ba, gani na yi.

A wata shekara yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa maƙwabciyarmu, ana tsakiyar aikin Hajji. Gwamnatin da ta ba alhazanta fasfo ta faɗi kafin su sauko daga Arfa. Jirgin da zai mayar da su bai zo ba, ofishin ƙasarsu ya rabu biyu, kowane ɓangare yana ƙin na ɗayan. Aka bar bayin Allah a masaukin alhazai, tsofaffi da mata da marasa lafiya, da yawansu Hausa kawai suke ji. Da suka ji ana Hausa a ƙofar ofishinmu sai suka taru a can.

Babban jami'in ofishin ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce ƙasarmu 'yar ba-ruwanmu ce, ba ta shiga rikicin maƙwabta.

Taubashina bai yi masa musu a gaban mutane ba. Ya bari aka tashi aiki, ya cire hular ofis ya sa tasa, ya tafi masaukin. Haka ya yi kullum bayan La'asar, wata da watanni. Yana tsayawa tsakaninsu da hukuma, tsakaninsu da likita, yana rubuta musu takardun neman izinin zama. A cikinsu akwai masu goyon bayan gwamnatin da ta faɗi, akwai masu murna da faɗuwarta, har sun raba wurin shimfiɗa ba sa cin abinci tare. Shi kuwa daga wannan tabarma sai waccan. Ina tsaye wata tsohuwa ta kama gefen rigarsa ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, kai na wa ne?"

Ya ce, "Inna, ni na mai magana ne har ya gama. Idan ya gama, sai in koma na mai amsa."

Sai ga jarrabawa ta zo. Wata babbar ƙasa da ke taimaka wa tamu tana goyon bayan sababbin masu mulkin can, kuma tana son a san su wane ne magoya bayan tsohuwar gwamnati a cikin alhazan da suka maƙale. Duk Jidda mutum ɗaya ne ya ji labarin kowannensu daga bakinsa. Da babban jami'in ya aiko kiransa, ya gane dalili. Ya ce mini, "Sa rigarka ka raka ni. Ina son shaida, ko da shaidar bawa ba ta da nauyi."

Jami'in ya karɓe mu da fara'a, ya tura masa farar takarda da alƙalami. Ya ce ba wani abu ba ne, sunaye ne kawai, manya ne suke so, kuma ƙasarmu tana bukatar abokanta.

Taubashina ya dubi takardar, bai taɓa ta ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da mutanen nan suka zo ƙofarmu neman ruwan sha, mun ce ba ruwanmu. Yau da ake neman wuyansu ne ruwanmu ya samu?"

Jami'in ya ce, "Kai tafinta ne. Ba kai ke tsara siyasar ƙasa ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ina ɗakin da aka tsara ta, da bakina aka faɗa wa duniya ita. Abin da muka ce shi ne ba za a ja mu da akala ba. Idan na rubuta sunayen nan, mun karkata, kuma ba don ra'ayinmu ba, don an ja mu. Sa'an nan waɗannan mutane ba ni suka gaya wa sirrinsu ba. Likita suka gaya wa, hukuma suka gaya wa, ta bakina kawai ya bi. Ba nawa ba ne balle in bayar."

"Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani. Fassara ce sana'ata."

Kafin wata ya ƙare takardar sallama ta iso, tare da umarnin ya koma gida. Bai koma ba, domin har lokacin akwai mutane a masaukin da ba su da bakin magana sai nasa. Wani attajiri Bahijaje da ya san shi ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi aiki a sitonsa na Khumra, can kudancin gari. Mutumin da ya yi tafinta a gaban shugabanni ya koma zama a ƙofar sito cikin zafin rana, yana karanta wa direbobi takardun kaya. Aka kwashe iyali daga Ruwais zuwa ɗaki biyu a Nuzla. Aka cire babban ɗan daga makarantarsa yana ɗan shekara goma, ya ga abokansa sun ci gaba, shi ya tsaya. Da ya girma ya tambayi dalili, amsar ubansa ɗaya ce: "Aiki ne ya ƙare." Mutane kuma suka cike gurbin da nasu zato. Wasu suka ce sakaci ya yi, wasu suka ce bai iya bi da manya ba ne, bai damu da makomar iyalinsa ba.

A ranar da muka fito daga ofishin ya sa na yi masa rantsuwa ba zan faɗa ba muddin yana numfashi. Na yi masa gardama a bakin titi, na ce zalunci ne ya ɓoye. Ya ce dalilinsa biyu. Na farko, duk wanda ya ji labarin zai tambaya su wane ne, kuma daga tambaya ake fara farauta. Na biyu, ba ya son 'ya'yansa su tashi da ƙin ƙasarsu. Ya ce, "Ƙasata ba ta yi mini laifi ba. Mutum ɗaya ne ya fassara ta ba daidai ba."

Ban ga laifin mutanen Nuzla ƙwarai ba da suka kira shi ba ruwansa, domin abin da ido ke gani ke nan. Ƙungiyoyin 'yan ƙasa sun rabu, kowacce ta zo ta ba shi shugabanci, ya ƙi. Yana zuwa sunan wannan, yana zuwa ɗaurin auren wancan. Sun ga ƙin da ya yi, ba su lissafa zuwan da yake yi ba. Babu asibitin gwamnati a garin nan da bai san bencinsa ba, saboda rakiyar matan da ba su iya gaya wa likita inda ke musu ciwo. Idan aka kama wani ba iƙama, kafin danginsa su gama kuka shi ya riga ya sa takalmi.

Ni kaina na taɓa jifansa da kalmar, ba da wasa ba, kuma dole in faɗa tunda na ɗauki alkawarin gaskiya. Saɓani ya taɓa shiga tsakanina da wani malami a kan limancin masallacin lungunmu, unguwa ta rabu biyu. Na tabbata ɗan gwaggona zai tsaya a bayana. Da aka tara dattawa aka nemi ra'ayinsa, sai ya lissafa inda abokin saɓanina ya yi kuskure, na ji daɗi, sa'an nan ya juyo ya lissafa nawa ɗaya bayan ɗaya. Na fusata, na ce masa a gaban mutane, "Ashe dai ɗan ba-ruwanmu ne kai na gaske." Na ga fuskarsa ta canja. Na ƙaurace masa wata guda cur. Ranar da ciwon ido ya kama ni, na fito zan tafi asibiti, sai na tarar da shi a ƙofa da sandarsa.

Ya ce, "Yalla, mu tafi. In na bar ka kai kaɗai, za ka yi wa likita i'irabi har idon ya tsiyaye."

A cikin mota na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Da ba ruwana, da na yi shiru a taron nan, na sha shayina, ku biyu duka ku ci gaba da gaishe ni. Na yi magana na rasa ku duka. Wannan shi ne bambancin da na kasa koya wa gidan rediyo."

Ina jin samarin yanzu suna cewa matsayin iyayenmu na farko tsoro ne, wai sun rasa ƙarfin zaɓe ne suka laɓe a tsakiya. Ina gaya musu, ba da sassauci ba, cewa ba su san abin da suke faɗa ba. Shiga sansani shi ne mai sauƙi, domin wanda ya shiga ya sami mai kare shi da mai yi masa tunani. Tsakiya ba maɓoya ba ce, fili ne da ake jifa daga dama da hagu. Na ga mutum ɗaya ya tsaya a wurin, na ga abin da ya ci masa: gida, da muƙami, da girmansa a idon ɗansa. Idan wasu sun mai da kalmar mafaka don su rufe ƙofa ga mai ƙishirwa, laifinsu ne, ba laifin waɗanda suka kafa ta ba.

Mutuwa ta warware rantsuwata. Da safiyar rana ta biyu na kira babban ɗan zuwa ɗakin mahaifiyarsa, na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, tun daga farar takarda har zuwa sito. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗago da ido jajur.

"Lesh? Don me bai faɗa ba? Shekara talatin, ya ammi! Ina wucewa ta Ruwais da mota, ina juya fuskata."

Na gaya masa dalilai biyun.

Ya ce, "Tayyib, na ji. Shi ya zaɓa. Amma mu muka biya."

Ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma ba zan gyara tarihin uba da tauye haƙƙin ɗa ba. Na ce, "Kun biya. Shi ma ya sani, kuma ya fi ku jin zafinta. Ba na neman ka ce ya kyauta muku. Ina neman ka daina cewa ba ruwansa."

Ya juya ga mahaifiyarsa ya ce, "Ummi, ke kin sani?"

Tana cikin mayafin takaba, carbi a hannunta. Ta ce, "Ranar da ya dawo da takardar sallama, tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, sata ka yi? Ya ce a'a. Na ce, amana ka ci? Ya ce ita na ƙi ci. Sai na tashi na fara ɗaure kaya."

Ya tashi ya fita. A zaman daren na biyu ya zauna a gefena kamar dutse, ana ta yabon ubansa da kalmar nan, bai ɗaga kai ba. Na ce a raina wataƙila na makara, wataƙila na ƙara masa ciwo ne kawai. Na roƙi Allah ya sa ban yi ɓarna ba.

Akwai abin da ban gaya masa ba sai a hanyarmu ta zuwa Magariba a rana ta uku. Tsohon telan nan da ya fara faɗar kalmar, a masaukin alhazai na fara ganinsa, yana magidanci da ƙarfinsa, da fasfon gwamnatin da ta faɗi a aljihunsa. Shi da wasu da yawa a lungun nan ta hannun mamacin suka sami zama. Ko sunansa yana cikin waɗanda aka nema, ban sani ba. Telan ma bai sani ba, bai ma san an taɓa neman wasu sunaye ba. Babu kuma wanda zai sani har abada, domin sunayen sun shiga kabari ranar Talata.

Aka dawo daga salla, aka zauna zaman ƙarshe. Lungun ya cika fiye da kwana biyun farko. Telan ya sake biyo sahu, yana jan ƙafa, ya dafa kafaɗata, ya wuce ga babban ɗan. Ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Mahaifinka mutumin kirki ne. Ba ruwansa da kowa."

Sai na ga ɗan ya miƙe tsaye, abin da bai yi wa kowa ba a kwana ukun. Ya riƙe hannun tsohon, ya sumbaci goshinsa kamar yadda 'ya'yan Hijaz ke yi wa manya. Sa'an nan ya ce, da muryar da ta kai har sahun baya:

"La, a'a, ya ammi. Da ruwansa."

Telan ya yi sororo, ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "Ai yabo nake yi, ɗana."

"Na sani. Allah ya saka. Amma da ruwansa. Da kai, da ni, da kowa a lungun nan." Ya juya ga jama'a. "Halas, shi ke nan. Kada a sake faɗa."

Ba a sake faɗa ba har aka naɗe kujeru.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, ba shi da tafinta a gabanka kuma ba ya bukata, domin Kai ne masanin abin da harsuna suka faɗa da abin da suka riƙe. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da amanar da ya tsare. Ka sanyaya zuciyar uwargidansa, ka mayar wa 'ya'yansa da mafi alherin abin da suka rasa. Kai kuma da ka karanta wannan, Allah ya jiƙan magabatanka, ya albarkaci gidanka da zuriyarka, ya tsare ƙofarka daga rufuwa ga mai bukata, ya tsare harshenka daga karkata ga mai ƙarfi. Amin.